Man Farin Jini na Gwaggo Zinariya

Kafin a fara kiranta Zinariya Mai Farin Jini, ta yi sana'o'i da dama a unguwar Wunti da ke Bauchi, kuma kusan duk a hannunta suka cika. Ta soya awara, mai ya yi tsada. Ta kawo zannuwan gado, wata a layin baya ta kawo masu manyan furanni ta kwashe mata mutane. Ta yi kiwon kaji, suka bi juna lahira a mako guda. Ta sayi firiza don yin ƙanƙara, a shekarar ne wutar lantarki ta yi yaji. Abu ɗaya da ya zauna mata shi ne lalle. A nan kam ba a ja da ita. In ta kama hannun mace ta zana, sai a yi mako biyu ana tambayar wa ya yi.

Amma lalle bai ishe ta ba. Ba yunwa ba ce, don mijinta Malam Mansir yana gyaran keken ɗinki a bakin kasuwa, teloli kuwa ba sa ƙarewa a Wunti, kekunansu ma ba sa fasa lalacewa. Suna take so. So take a zauna a gidan bikin manya, wata ta dubi wata ta ce, "Ke, wa ke miki gyaran jiki?" a ce, "Zinariya ta Wunti." Mai lalle kuwa, in ji ta, ko ta kai wa ta kai, a tabarma take zama ana miƙo mata ƙafa.

Shi ya sa ta haɗa mai. Man kaɗanya, kurkum, zuma, ruwan lemon tsami, da ɗan turare don kashe warin kaɗanyar. Ta ɗura a ƙananan robobi, ta sa aka buga mata takarda aka manna: FARIN JINI. Ta ce duk wadda ta shafa wata uku za ta wanke, ta yi haske, ta yi farin jini wurin miji da dangin miji. Shekara guda tana sayarwa. Matan da suka shafa sun yi laushi, sun yi ƙamshin kurkum kamar shinkafar biki, amma kowacce tana nan da launin da uwarta ta haife ta. In an dawo da ƙorafi, amsarta ɗaya ce:

"Fatarki ce mai taurin kai. Ƙara roba biyu."

Ana nan sai ga Sauda, ɗiyar ƙanenta Ya'u, manomi a Inkil. Ta samu gurbin karatu a jami'ar da ke Gubi, uban ya ce ba zai bar ta a ɗakin kwanan ɗalibai ba alhali yayarsa na da ɗaki a cikin gari. Shekararta goma sha tara, baƙa ce sumul, mai ƙarfi, irin wadda ke sauke buhun masara ba ta waiwayi kowa ba. Ranar da ta iso, Zinariya ta dube ta sama da ƙasa, ta miƙa mata roba.

"Safe da yamma. Kada ki shiga jami'a a ce daga gona aka tono ki."

"To, Gwaggo."

Da "to" Sauda ke amsa komai. Da sassafe ta kurɓi shayi da burodi, ta bi keke zuwa tasha, ta hau bas zuwa Gubi. A can ta yini a kan biskit da ruwan leda. Da yamma ta dawo ta ci tuwo ta kora da shayi, don Zinariya ta yi imani shayi mai kauri shi ne wayewa. Nama kuwa a gidan yana da tsari: Malam, sai uwar gida, sai baƙo in an yi, sai Sauda ta samu romo da sa albarka.

Wata bakwai da zuwanta, Hajiya Yagana ta zo lalle. Matar wani babban ma'aikacin gwamnati ce, irin matar da in ta yabi tela a biki ɗaya, sai ya sayi sabon keke. Ta miƙe ƙafa a kan matashi, Sauda ta shigo da ruwan sha.

"Zinariya, wannan fa? Ba ita ce baƙar nan ta Inkil ba?"

"Ita ce, Hajiya."

"Kai! Zo nan, 'yan mata. Juyo. Ikon Allah. Ta wanke!"

Zinariya ta ɗago daga ƙafar Hajiya ta dubi yarinyar da suke kwana gida ɗaya, kamar yau ta fara ganinta. Gaskiya ne. Baƙin nan mai sheƙi ya tafi, wani fari-fari ya maye gurbinsa, kamar an shafa mata toka an goge. Leɓɓanta sun koɗe, tafin hannunta fari fat. Da wata ce da ta tambaya ko lafiya. Zinariya ta gyara zama ta ce:

"Ai na faɗa muku, Hajiya, ba ku yarda ba. Aikin Farin Jini ke nan. Wata bakwai kacal."

Hajiya Yagana ta tafi da roba biyar, ta ce na 'yarta Bintu ne da za a aurar nan da 'yan watanni. Ta kuma yi alkawari da bakinta: in man ya yi wa Bintu abin da ya yi wa wannan, ranar kamu ita da kanta za ta karɓi lasifika ta faɗi sunan Zinariya a gaban matan Bauchi.

Daga ranar Sauda ta tashi daga ɗiyar ƙane ta koma talla. Zinariya ta binciko wani tsohon hotonta a gona riƙe da fartanya, ta jera shi da sabo, ta sa a waya kowa ya gani. Duk macen da ta yi sallama, kafin ta zauna sai ta ji kira:

"Sauda! Fito a gan ki. Matso cikin rana. Yawwa. Nuna musu hannu."

Ita kuwa Sauda, bokiti ɗaya daga famfo zuwa madafa sai ta tsaya sau biyu tana haki.

"Gwaggo, zuciyata bugawa take kamar na yi gudu."

"Son jiki ne. Duk wadda ta yi fari haka take, sai ta fara jin kanta."

In ta miƙe daga tsugune sai ta dafa bango, ta ce gari na juya mata. Zinariya ta ce boko ne, wa ya aike ta karatun kimiyya. Sau biyu barci na ɗauke ta a bas har a wuce da ita. Da ciwon kai ya matsa, Zinariya ta ce bakin mutane ne, kyau ba ya zuwa shi kaɗai, ta tofa mata addu'a a goshi ta koma kan robobinta. Ƙanƙarar da yarinyar ke yini tana taunawa ƙurus-ƙurus kuwa, wannan gayu ne na 'yan jami'a.

Har farcenta suka fara karyewa, tsakiyarsu ta lotsa kamar ƙaramin cokali. Babu wadda ta kai Zinariya sanin farce a Wunti, kuma ta gani sarai. Ta rufe su da jan lalle. Zanen kuwa a kan farin tafin nan ya fito kamar a takarda aka yi shi, hoton ya jawo mata amare uku.

Sau ɗaya ta kusa yin tambayar da ta dace.

"Ke Sauda, yau kwana nawa ban ga goshinki a ƙasa ba?"

"Tara, Gwaggo."

"Tara? Wancan watan ma haka kika yi fashin salla. Ke dai kin samo hanyar hutu."

Sauda ta sunkuyar da kai. A gidansu ba a yin wannan zance da manya. Ba ta faɗa mata sau nawa take ficewa daga aji don ta canja auduga ba, ko dalilin da ya sa ta koma sa baƙar abaya kullum tana zama a bencin baya.

Wadda ta ɓata shirin ita ce Sista Dorcas, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti da ke hanyar tasha. Abokiyar aikinta ce za ta yi aure, aka ce duk ƙawaye su yi lalle. Doguwa ce mai magana kai tsaye, Hausarta irin ta kasuwa da makaranta, ba ruwanta da bambancin "shi" da "ita". Zinariya ta ga sabuwar fuska, ta ga baƙa ce, ta ga kasuwa. Ko kwaɓa lallen ba ta gama ba ta turo roba.

"Sista, da kin gwada wannan. Sauda! Fito a gan ki."

Sauda ta fito a hankali tana goge baki da bayan hannu. Dorcas ko kallon robar ba ta yi ba.

"Zo nan, ƙanwata. Duba sama."

Ta sa yatsa ta ja fatar ƙasan idon Sauda. Inda ya kamata a ga ja, fari ne kamar dafaffen ƙwai. Ta juya tafin hannun, ta dubi farcen ta ga an binne su da lalle, ta yi tsaki.

"Mama, yarinyan nan ba shi da jini."

"Ai shi ne sunan man," in ji Zinariya da fara'a. "Farin Jini."

"Ba farin jini na ce ba. Jinin ne babu. Wannan abin da kike nuna wa mutane ba haske ba ne, jiki ne ya koɗe." Ta juya ga Sauda. "Kina jin jiri?"

"E."

"Haki fa? Zuciya yana bugawa?"

"E."

"Sista," in ji Zinariya, fara'ar ta tafi, "lalle kika zo yi ko zagayen marasa lafiya? In ba za ki saya ba, ba dole."

"Mene ne a hannunki?" Dorcas ta tambayi Sauda.

Sauda ta buɗe ɗaya hannun da ta dunƙule. Guntun farar ƙasa ne, an gutsuri gefensa.

A nan ne Zinariya ta tsorata, amma ba don jini ba. A duk saninta mace iri ɗaya ce ke cin farar ƙasa, ita ce mai ciki. Ga jiri, ga kasala, ga jami'a, ga fari an yi. Ta manta da kwana taran da ta ƙirga da bakinta. Abin da ta hango kawai shi ne kanta tsaye a gaban Ya'u a Inkil, tana neman ta inda za ta fara.

"Innalillahi. Sauda, wane ne?"

"Wane ne me, Gwaggo?"

"Ɗauko hijabinki."

Dorcas ta ce su same ta a asibiti gobe da safe. Zinariya ta ce yanzu. Lallen da ba a yi ba ke nan, su uku suka cusa kansu a keke ɗaya.

Likitan dattijo ne mai tabarau. Kafin ya buɗe baki Zinariya ta matso ta rage murya.

"Likita, don Allah a fara duba ɗaya abin."

Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, suka zauna a benci. Zinariya na jan carbi da saurin da ba ta taɓa yi ba. Da aka kira su, likita ya dubi takarda ya ce babu ciki.

"Alhamdulillahi! Alhamdulillahi! Allah na gode maka. Sauda, tashi mu tafi."

"Zauna, Hajiya, ai ba mu fara ba. Awon jininta ashirin da ɗaya cikin ɗari. Na mace lafiyayya bai kamata ya gaza talatin da shida ba. Da ƙafarta ta zo nan?"

"A keke muka zo."

Ya ƙyale ta ya fuskanci Sauda. Kwana nawa al'adarta ke yi? Tara, wani lokaci goma. Da gudaji? Ta gyaɗa kai tana kallon ƙasa. Tun yaushe? Tun kafin ta zo gari, amma ya ƙaru. Me take ci da safe, me take ci da rana? Yaushe rabonta da nama, ba romo ba? A nan Zinariya ta ɗan yi tari. Ya tambayi zazzaɓin cizon sauro, ya tambayi rabonta da maganin tsutsar ciki, ya tambaya ko akwai mai sikila a dangi. Sannan ya yi bayani a hankali, irin na wanda ya faɗi abu sau dubu. Jini na fita duk wata fiye da yadda jiki ke iya mayarwa. Abin da jiki ke gina jini da shi sinadarin ƙarfe ne, yana cikin hanta da nama da kifi da wake da ganye, ita kuwa ba ta samu. Ɗan abin da ta samu ma, shayin da take korawa da shi na hana shi shiga jiki. Kwaɗayin ƙasa da ƙanƙara kuwa, jiki ne ke kuka.

"Kina shafa man bilicin?"

"Subhanallahi, likita! Ba bilicin ba ne, haɗina ne na gargajiya."

"Ke nake tambaya, 'yata. Me kike shafawa?"

"Basilin," in ji Sauda.

Zinariya ta juyo kanta.

"Ke! Farin Jinin fa?"

"Gwaggo, sau biyu na shafa ya sa ni ƙaiƙayi. Inkil nake kai wa Baba. Ya ce bai taɓa samun maganin faso kamarsa ba."

Dorcas ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Likita ya rubuta ƙwayoyin ƙarin jini na wata uku aƙalla, da maganin tsutsa, da wanda zai rage zubar. Ya ce a dawo bayan mako biyu, in ya ƙara sauka sai dai a ɗaura mata ledar jini. Zinariya ta karɓi takardar tana juya ta.

"Likita, tambaya gare ni. In ta sha, launin nan zai tafi?"

"Za ta koma yadda Allah ya yi ta."

"Cikin wata nawa?"

"Wata biyu za ki ga bambanci."

"To, akwai wani biki nan da wata biyu da rabi. Ba za a ɗan jinkirta ba? Ko ta riƙa shan rabi-rabi?"

Likita ya cire tabarau ya dube ta. Dorcas ce ta amsa.

"Jinkirta, Mama. In ya faɗi a hanyan Gubi, farin da zai yi cikin likkafani ya fi wannan. Sai ki ɗauki hoto."

Zinariya ta ce ba ta taɓa ganin mara tarbiyya irin wannan ba. Ta sayi maganin dai, ta jefa a jaka, ta ja zif. A gida ta ce sai an nemi shawara tukuna, maganin asibiti ba a faɗa masa da ka. Ta dafa zoɓo mai kauri ta ba Sauda, ta ce ja ne, jini ne. Kwana biyu maganin na cikin jaka a ƙarƙashin gado.

Rana ta uku ta kira Sauda ta sabunta mata lalle, don tana son sabon hoto. Tsakar rana ce a watan Maris, kwanon rufi na ƙara don zafi, ita kanta Zinariya gumi har cikin kunne. Ta kama hannun yarinyar. Sanyi ƙalau, kamar kwalbar da aka ciro daga firiza. A ƙarƙashin babban yatsanta kuma jijiya na bugawa da sauri da sauri, alhali yarinyar zaune take ba abin da ta ɗauka. Shekara ashirin Zinariya na riƙe hannun mata, na amare da na masu jego da na tsofaffi. Sau ɗaya ta taɓa riƙe hannu mai irin wannan sanyi a cikin zafi, na mahaifiyarta ne, a makonta na ƙarshe.

Ta ajiye lallen. Ta durƙusa ta jawo jaka.

"Ungo. Sha."

"Gwaggo, ba kin ce sai an nemi..."

"Na ce ki sha. Kuma in ubanki ya ji na riƙe shi kwana biyu, ni da ke ne."

Zinariya ba ta iya yin abu rabi ba. Yadda ta tasa mutane gaba da mai, haka ta tasa Sauda gaba da magani. Da safe ƙosai ko alale, da rana ta ƙulla mata wake da kifi a kula ta tafi da shi Gubi, da yamma miyar zogale ko alayyahu. Ta yi ƙawance da wani mahauci saboda hanta. Shayi ta kafa masa doka, sai an yi awa biyu da cin abinci, a madadinsa lemu. Zoɓon ma ba ta fasa ba, duk da Dorcas ta aiko mata cewa ba launi ke zama jini ba.

"Zinariya," in ji Malam Mansir wata rana yana laluben kwano, "yau miyar ba nama ne?"

"Akwai. Yana cikin Sauda."

"Ni fa?"

"Kai da aka ce naka jinin hawa yake yi? Ci ganye, Malam."

Sauda ta zo tana raɗa cewa bayan gidanta ya koma baƙi tun da ta fara shan ƙwayar.

"Sista ta ce haka yake yi. Ke ma baƙin za ki koma, sai ku tafi tare."

Haka kuwa aka yi. Leɓɓa suka fara dawowa, sai tafin hannu, sai fuska. Fashin salla ya sauko kwana shida. Aka wayi gari Sauda ta ɗauko bokiti biyu daga famfo tana waƙa. Zinariya na kallonta kamar mai kallon ruwan sama na shiga ɗakinta. Hotunan da na nan a waya ba ta cire ba, amma kiran ya canja. Da an yi sallama sai ta ce:

"Sauda, shige ciki, an yi baƙi."

"Gwaggo, su ne baƙin ko ni?"

"Za ki shige ko sai na taso?"

Kwana huɗu kafin kamu, Hajiya Yagana ta iso ba sanarwa, da amarya Bintu lulluɓe a bayanta. Ta ce gidanta ya cika da dangi, nan za a yi lallen amarya a natse. Zinariya ta shimfiɗa sabuwar darduma, ta kwaɓa lalle, tana murna Sauda na makaranta. Ba a gama gaisawa ba aka rangaɗa sallama, Sauda ta faɗo gida da jakarta, baƙa sumul, goshi na sheƙi.

"Wace ce wannan kuma?" in ji Hajiya.

"Sauda ce."

"Wace Saudar? Subhanallahi! Me ya same ta?"

"Ba ta shafawa, Hajiya."

"Kin gani! Yaran yanzu ke nan, Allah ya ba ki haske ki yi wasa da shi. To ni tawa ba ta yi wasa ba. Bintu, yaye mayafin."

Bintu ta yaye. Fara ce sol, fiye da yadda Sauda ta taɓa yi. Zinariya ba ta taɓa ganin manta ya yi aiki a jikin ɗan Adam sama da idon sawu ba, sai da zuciyarta ta yi tsalle.

"Roba biyar ta shanye tas," in ji Hajiya. "Ran Asabar mata ɗari huɗu za su taru, na riga na gaya wa mai lasifika ya ba ni minti biyar. Ki shirya robobi, Zinariya, ki nemo masu taya ki."

"Allah ya ƙara girma, Hajiya. Amarya, kawo hannun."

Hannun sanyi ƙalau. Farcen sun lotsa a tsakiya. A gefen Bintu akwai kofi da ta shigo da shi daga mota, ta kai ɗaya hannun ta ɗauko ƙanƙara ta jefa a baki, ƙurus-ƙurus.

"Amarya, me kika ci yau?"

Uwar ce ta amsa. "Ci? Ai wata uku ke nan tana kan shayin rage ƙiba. Rigar daga waje aka ɗinko, dole ta shiga."

Zinariya ta sunkuya ta fara zane. Kwana huɗu ne kawai. Ba ita ta haife ta ba, ba ita ta hana ta abinci ba, kuma gidansu ba a rasa likitoci ba. Ta zana fure ɗaya, ta ja reshe, ta zana na biyu. Sauda na tsaye a bakin ƙofar ɗaki da jakarta a kafaɗa, ba ta shige ba. A fure na uku hannun Zinariya ya karkace, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta ajiye lallen ta goge yatsa a zani.

"Amarya, dubi sama."

Ta ja fatar ƙasan idon. Ta saki.

"Hajiya, yarinyar nan ba ta da jini."

Hajiya ta yi dariya. "Ai aikin manki ne."

"Man nan nawa bai taɓa sa kowa fari ba. Faso yake warkarwa. Wannan ciwo ne, irin wanda Sauda ta yi. Ki kai ta a auna ta yau."

Dariyar ta tsaya. Hajiya Yagana ta miƙe, awarwaronta na ƙara.

"'Yata ce ba ta da jini? A gidan da ake yanka rago duk wata? Saura kwana huɗu biki za ki yi mata baki? Don taki ta koma gawayi shi ne kike baƙin ciki da tawa! Tashi mu tafi, Bintu, masu lalle ba su ƙare a Bauchi ba." A bakin zaure ta juyo. "Lasifikar kuwa zan karɓa, kada ki damu. Za su ji sunanki."

Bintu ta miƙe da sauri, sai ta dafa ƙofa ta rufe ido, ta tsaya har abin ya wuce. Tana neman takalmi da ƙafa, hannu ɗaya a sama da fure biyu da rabi, ta ce a hankali:

"Anti, wane asibiti ne?"

Zinariya ta faɗa mata da muryar da har direban da ke waje sai da ya ji, da kwatancen hanya, da kwanar da za a sha.

"Ki ce Sista Dorcas kike nema! Kafin biki, ba bayan biki ba!"

Mota ta tashi. Zinariya ta zauna a gaban kwanon lallen da ya fara bushewa a gefe. Sauda ta matso ta tsuguna kusa da ita.

"Sannu, Gwaggo."

"Rufe min baki. Kin kashe min kasuwa da wannan baƙin naki." Ta jawo kwanon ta yayyafa masa ruwa. "Kin sha na yau?"

"Tukuna."

"To me kike jira, lasifika?"